Ziyarar Mataccen Dutse Mai Aman Wuta: Dutsen Kerang a Jihar Filato

Matafiyin da ya bar Jos ya nufi kudu maso gabas, ya wuce garin Mangu ya isa Panyam, zai fara hango waɗansu duwatsu da suka bambanta da sauran. Yawancin duwatsun Jihar Filato manyan curi-curi ne da suka hau kan juna, kamar an jera su da hannu. Waɗannan kuwa sun tashi su kaɗai a tsakiyar gonaki, gindinsu da faɗi, kansu ya tsuke, kamar tsibin hatsi a masussuka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dutsen Kerang, a Ƙaramar Hukumar Mangu. A yau ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a jikinsa, manoma na noma a gindinsa. Amma a wani zamani mai nisa, wuta da toka da narkakken dutse ne suke fita daga bakinsa. A wannan darasi za mu koyi yadda irin wannan dutse yake samuwa, da yadda ake hawansa lafiya, da kuma abin da mai hawa ya kamata ya lura da shi.

Mene ne dutse mai aman wuta?

Ƙasar da muke takawa tana kama da ɓawon ƙwai. Saman yana da tauri da sanyi, amma ba shi da kauri idan aka kwatanta shi da girman duniya. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya akwai nisan kilomita 6,370 ko kusa da haka, alhali kaurin ɓawon a ƙarƙashin nahiyoyi bai cika wuce kilomita 30 zuwa 50 ba. Duk yadda aka ƙara nutsawa cikin ƙasa, haka zafi yake ƙaruwa. A wasu wurare zafin yakan narkar da dutse, ya koma kamar talge a cikin tukunya. Zafin wannan narkakken dutse yakan kai digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salsiyos. Ku tuna cewa ruwa yana tafasa ne a digiri 100 kacal.

Narkakken dutse bai kai daskararren dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba, saboda haka yakan yi ta neman hanyar tasowa sama ta cikin tsagogin ƙasa. Bayan haka, akwai iskar gas mai yawa narke a cikinsa. Idan aka girgiza kwalbar lemo sannan aka buɗe murfin, lemon zai yi kumfa ya yi tsartuwa waje. Haka yake faruwa ga narkakken dutse idan ya kusa saman ƙasa. Nauyin da ke danne shi ya ragu, iskar da ke cikinsa ta kumbura, sai ya fashe waje da ƙarfi. Wannan shi ake kira aman wuta.

Abin da ya fito yakan kasu gida biyu. Wani yakan yi sama, ya huce a cikin iska, ya faɗo a matsayin toka da tsakuwa da curin duwatsu. Waɗannan su ne suke taruwa kewaye da ramin, har su zama tudu mai siffar tsibi. Wani kuma yakan malala a ƙasa kamar kogi, ya cika kwaruruka, ya daskare ya zama baƙin dutse mai nauyi wanda masana suke kira basal. Ramin da ya rage a ƙolin dutsen shi ne bakinsa.

Mai rai, mai barci da matacce

Masana ilimin duwatsu sun raba duwatsu masu aman wuta kashi uku. Na farko shi ne mai rai, wato wanda yake aman wuta a yanzu, ko ya yi a cikin shekara 10,000 da suka wuce. Akwai irinsa fiye da 1,300 a duniya. Misalinsa a kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, mai tsawon fiye da mita 4,000, wanda ya yi aman wuta a 1999 da kuma 2000. Na biyu shi ne mai barci, wanda ya daɗe bai yi komai ba, amma yana iya farkawa. Misalinsa Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895. Na uku shi ne matacce, wanda ake ganin narkakken dutsen da ke ciyar da shi ya huce, hanyarsa kuma ta toshe.

Raba mai barci da matacce ba abu ne mai sauƙi ba, domin rayuwar dutse ta fi ta ɗan Adam tsawo nesa ba kusa ba. Mutanen birnin Pompeii na ƙasar Italiya suna zaune lafiya a gindin Dutsen Vesuvius, suna noman inabi, har ya binne garinsu da toka a shekara ta 79 Miladiyya. Game da duwatsun Filato kuwa, babu wani rubutaccen tarihi da ya nuna sun taɓa yin aman wuta. Sun yi aikinsu sun gama tun shekaru dubbai masu yawa da suka wuce. Shi ya sa aka fi kiran su matattu, ko da yake masana ba su daina sa musu ido ba.

Inda ake samun su a Nijeriya

Ɗalibai da dama suna zaton sai a ƙasashen waje ake samun dutse mai aman wuta. Ba haka ba ne. A tsaunin Jos akwai su da yawa. Na yankin Panyam da Kerang da Ampang sun jeru kusan a layi ɗaya, kuma wannan alama ce ta cewa ta wata doguwar tsaga guda narkakken dutsen ya biyo. A tsaunin Biu da ke kudancin Jihar Borno ma akwai tsibi-tsibin duwatsu masu yawa, da Tafkin Tila, wanda yake zaune a cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Dutsen Wase, wanda ya tashi sambal kamar hasumiya a kudancin Filato, shi ma ɗan wannan gida ne. Narkakken dutse ne ya daskare a cikin maƙogwaron dutsen, sannan ruwa da iska suka cinye jikin da ke kewaye da shi, suka bar shi tsaye shi kaɗai.

Hanyar zuwa Kerang

Daga Jos ana bi ta Bukuru, a wuce Mangu, a isa Panyam, sannan a karkata zuwa Kerang. Idan hanya tana da kyau, tafiyar kimanin awa biyu ce a mota. Mazauna yankin su ne Mwaghavul, manoma ne ƙwararru, suna da harshensu da sarautarsu da al'adunsu. Amma kamar sauran wurare da dama a Filato, da Hausa ake ciniki a kasuwa da tashar mota. Saboda haka wannan tafiya dama ce ta gwada Hausar da kuka koya a aji.

Baƙo ba ya sauka daga mota ya kama hawan dutse kai tsaye. Dutsen yana da masu shi. Abu na farko shi ne a je a gai da shugaban gari, a faɗi daga inda aka zo da abin da ya kawo mutum. Malamin da ya jagoranci ɗalibai yana iya cewa: “Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga makaranta. Mun zo neman izinin hawa dutse domin karatu.” Daga nan sai a roƙi a haɗa su da ɗan jagora, mutumin gari wanda ya san hanya. Idan an gamu da manoma a gona, sai a ce, “Sannunku da aiki.” Gaisuwa ba ta cin kuɗi, amma tana buɗe ƙofa.

Shiri kafin hawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga watan Nuwamba zuwa Maris. Da damina hanya tana santsi, ciyawa tana da tsawo, ga kuma haɗarin tsawa. A tsakiyar hunturu kuwa hazo yakan rufe sararin sama, ya hana mutum hangen nesa. Ya kamata a fara hawa da sassafe, a sauko kafin rana ta take.

Tsaunin Jos yana da tsawon kimanin mita 1,280 daga saman teku, kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Wanda ya zo daga Legas ko Fatakwal ko Onitsha zai ji sanyin safiya sosai, don haka sai ya riƙe rigar sanyi. Sauran kayan da ake bukata su ne rufaffen takalmi mai kama ƙasa, da dogon wando, da hula, da sanda, da isasshen ruwan sha, da ɗan abinci mara nauyi kamar gyaɗa ko ayaba ko burodi. Kada a manta da akwatin taimakon gaggawa, da littafi da fensir na rubuta abin da aka gani. Kafin a bar gida, wajibi ne makaranta ta tuntuɓi hukumomin yankin game da lafiyar hanya da zaman lafiyar wurin. Rigakafi ya fi magani.

Daga gindi zuwa ƙoli

Mai hankali ba ya hawan irin wannan dutse da ƙafa kaɗai. Yana hawa da ido, domin kowane mataki yana ba da labarin abin da ya faru.

Tafiya tana farawa a cikin gonaki. A nan sai a tsuguna a ɗebi ƙasa a hannu. Za a ga launinta ja ne mai duhu, ko kuma ya yi baƙi-baƙi, kuma tana da laushi. Wannan ƙasa baƙin dutse ne da toka waɗanda ruwa da rana suka marmashe a hankali. A gefen gonaki za a ga shingen ƙerana, wata shuka mai ƙaya da manoman Filato suke tsare amfanin gona da ita. Kada a karya ta, domin farin ruwanta yana da illa ga ido.

Idan aka bar gonaki aka fara hawa, sai ƙasa ta canza. Za a fara taka tsakuwa ja da baƙa mai zamewa a ƙarƙashin ƙafa. A ɗauki guda ɗaya a duba. Tana da ƙananan ramuka kamar soso, kuma ba ta da nauyi kamar yadda girmanta ya nuna. Kowane rami gurbin kumfar iskar gas ne, wadda ta maƙale lokacin da dutsen yake daskarewa. Wato abin da ke hannunka kumfa ce da ta zama dutse. Ana kuma samun curin duwatsu masu siffar gwanda ko ƙwallo. Waɗannan sun fita daga bakin dutsen suna narke, suka yi ta juyawa a cikin iska, suka daskare kafin su faɗo. Mai sa'a yana iya ganin ƙwayoyi kore masu ƙyalli a cikin baƙin dutse. Wani ma'adini ne da narkakken dutsen ya ɗauko daga can ƙarƙashin ɓawon duniya, inda ɗan Adam bai taɓa haƙawa ya kai ba.

Hawan yana da dabara. Ba a miƙewa sambal zuwa sama, sai dai a riƙa ratsawa dama da hagu, domin a rage wa gwiwa wahala. A taka a hankali, a huta idan numfashi ya yi sama. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, saboda dutsen da na sama ya ture yana iya gangarowa. Mafi rauni a cikin ayari shi ne zai riƙa bin bayan ɗan jagora, babba guda kuma ya tsare baya. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙoli ne gajiya take biyan kuɗinta. Mutum zai tsaya a gefen bakin dutsen, ya ga ƙasa ta lotsa kamar akushi. Ta nan wuta ta fita, amma yanzu ciyawa ce da bishiyoyi. A wasu duwatsun gefe ɗaya na bakin ya ɓare, har ya yi kama da kofaton doki. Ta wannan gefen narkakken dutse ya fasa ya malala. Idan aka juya aka dubi fili, za a hango sauran duwatsun a jere, da ƙauyuka, da gonaki yanki-yanki. Wanda ya lura zai ga cewa mutane sun fi taruwa a inda baƙin dutse ya malala. Gani ya kori ji.

Saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin ƙafa ta gaji, ga tsakuwa mai zamewa. Ba a gudu, ba a tsere. A taka da dunduniya, a dogara da sanda.

Tafki a bakin dutse

Ba da nisa da Kerang ba, a yankin Ampang, akwai Tafkin Pidong, wanda yake cikin bakin wani dutse mai aman wuta. Irin wannan tafki yana samuwa ne idan ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka taru a ramin, suka rasa mafita. Yana da kyan gani, amma ba wurin wanka ba ne ga baƙo, domin gefensa yana da gangara, kuma ba a gane zurfinsa da ido.

Akwai wani darasi da maƙwabtanmu suka koya da hawaye. A daren 21 ga Agusta, 1986, Tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, wanda shi ma a bakin dutse yake, ya saki iskar gas mai yawa da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwansa. Wannan iska ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Sai ta gangara cikin kwaruruka, ta shaƙe mutane fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin domin fitar da iskar kaɗan-kaɗan. Tafkuna ƙalilan ne a duniya suke da wannan hali, amma abin da ya faru ya nuna dalilin da ya sa masana suke auna ruwan irin waɗannan tafkuna, ko da dutsen ya daɗe da yin shiru.

Amfanin da dutsen ya bari

Wutar da ta ƙone ƙasa jiya ita ce take ciyar da mutane yau. Ƙasar da ta samu daga baƙin dutse tana da sinadaran da shuka take so, kuma tana riƙe danshi. Idan aka haɗa wannan da sanyin tsauni, sai a gane abin da ya sa yankin Mangu ya yi suna wajen noman dankalin Turawa da masara. Ana kuma noman acca da kayan lambu. Buhunan dankalin da ake saukewa a kasuwannin kudu, da yawansu daga wannan ɓangare na Filato suke fitowa.

Amfani na biyu shi ne ruwa. Jikin dutsen yana shan ruwan sama kamar soso. Ruwan yana ratsa tsakuwa da toka, yana tacewa, sannan ya ɓuɓɓugo a gindin dutsen garai-garai. Daga maɓuɓɓugar Kerang ake ɗura ruwan kwalba na Swan, wanda ake sayarwa a sassa da dama na Nijeriya. Wataƙila wasunku sun sha ruwan wannan dutse ba tare da sun sani ba.

Haƙƙin dutse a kan baƙo

Dutsen ya shekara dubbai yana tsaye, amma ana iya ɓata shi cikin ɗan lokaci. Ashana ɗaya da rani ta isa ta ƙone ciyawar da ke riƙe ƙasa, sai ruwan damina ya zo ya zaizaye gefen dutsen. Leda da kwalbar roba da aka yar suna daɗewa ba su ruɓe ba, dabbobi kuma sukan haɗiye su. Idan kowane baƙo ya cika aljihu da duwatsu masu kyau, na baya ba za su sami abin gani ba. Saboda haka kada a kunna wuta, kada a yi rubutu a jikin dutse, kuma duk sharar da aka hau da ita a sauko da ita.

Haka nan a kiyaye haƙƙin mutane. Ba a ratsa gonar da aka shuka, ba a ɗaukar hoton mutum sai da yardarsa. A wurare da yawa akwai kurmi ko kogo ko ruwa da mutanen gari suke girmamawa bisa al'adarsu. Idan ɗan jagora ya ce ba a shiga wuri kaza, sai a bi maganarsa ba gardama. Kada a sa hannu a cikin rami ko ƙarƙashin dutse, domin nan ne maɓoyar maciji da kunama. Idan kuma hadari ya taso, a bar ƙoli nan da nan, saboda tsawa ta fi faɗawa wuri mai tudu. Bayan an sauko, sai a sallami ɗan jagora da abin da aka yi alkawari, a koma a yi wa shugaban gari godiya da bankwana.

Ma'anar kalmomi

Tsibi: tarin abu mai faɗin gindi da tsukakken kai.
Masussuka: wurin da ake sussukar hatsi.
Talge: ruwan gari mai kauri da ake tafasawa kafin a tuƙa tuwo.
Malala: gudana a kan ƙasa kamar ruwa.
Daskare: yin tauri bayan an huce.
Ƙoli: wuri mafi tsawo a kan abu.
Lotsa: nutsawa ciki, a bar rami.
Maɓuɓɓuga: wurin da ruwa yake fitowa daga ƙasa.
Zaizaya: yadda ruwa ko iska suke cinye ƙasa.
Ɗan jagora: mai nuna wa baƙo hanya.

Tambayoyi

1. A wace ƙaramar hukuma Dutsen Kerang yake?
2. Bayyana yadda kwalbar lemo take kama da dutse mai aman wuta.
3. Mene ne bambancin dutse mai barci da matacce?
4. Me ya sa tsakuwar jikin dutsen take da ƙananan ramuka?
5. Kawo amfani biyu da mutanen Kerang suke samu daga dutsen.
6. Me ya faru a Tafkin Nyos a 1986, kuma wane darasi aka koya?
7. Faɗi abubuwa huɗu da bai kamata baƙo ya yi a kan dutsen ba.

Aikin yi

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama shugaban gari, ɗaya kuma malamin da ya zo neman izinin hawa dutse. Ku yi hirar da Hausa a gaban aji. Bayan haka kowa ya rubuta jimla goma game da wani dutse ko tudu da ke kusa da garinsu.